Kurege da Jar Masarar Innarsa

An yi wani Kurege a wani ƙauye da ke bakin fadama, ga ƙwazon noma, ga kuma rowa, irin rowar da ko a inuwar bishiyarsa ba ya son a zauna. Maƙwabciyarsa Bushiya ce, tsohuwa mai sanyin hali, ƙawar mahaifiyarsa tun suna 'yan mata, shi ya sa yake ce mata Gwaggo. Akwai kuma Zabuwa, wadda ba ta da aikin yi sai yawo gida-gida da kwasar magana.

Mahaifiyar Kurege ta rasu ta bar masa gona a kan tudu, da irin wata masara ja jawur. Tana nuna da wuri tun sauran hatsi bai kai ba, ga zaƙi in an gasa, tuwonta kuma ya kwana bai saki ba. Kowa a ƙauyen nan, Jar Inna yake ce wa masarar.

Al'adar tsohuwar ita ce, duk kaka sai ta zaɓi manyan masara, ta ɗaure su da ɓawonsu, ta bi maƙwabta tana rabawa. Kowa ya rataye nasa a saman murhu, hayaƙi ya tsare shi daga ƙwari har lokacin shuka. Sauran kuwa ta shanya a kan rumfa. In ta bushe sosai, sai ta zuba a rumbun zana da ke ɗore a kan duwatsu, wanda iska ke ratsawa ta ko'ina.

Daminar da ta biyo bayan rasuwarta aka yi ambaliya. Ruwa ya cinye gonakin fadama kaf, alhali kowa ya riga ya shuka irinsa. Gonar Kurege kaɗai ta tsira, don tana kan tudu. Ke nan duk faɗin ƙasar nan, babu inda Jar Inna ta rage sai a hannunsa.

Da kaka ta yi, ya karya masararsa ya baza a kan rumfa. Sai ga Bushiya tana tafe a hankali.

"Sannu da aiki, ɗana. Allah ya sa albarka. Na zo karɓar rabona na iri, ko guda biyu ne, in rataye a murhu yadda muka saba da innarka."

Kurege ya sha kunu ya ce, "Ai kin faɗa da bakinki, Gwaggo, da Inna kuka saba. Bana babu."

"Ba don in ci ba ne. Iri ba ya zama a gida ɗaya, ɗana. In wani abu ya samu naka fa?"

"Me zai same shi? Bakin mutane dai."

Bushiya ta juya ta tafi. Zabuwa kuwa, da ke laɓe bayan danga, ta fito tana rangwaɗa.

Ta ce, "Ka yi mini daidai, Kurege. Amma wannan rumbun zana na innarka, ai duk ƙofofi ne. Kowa ya wuce sai ya leƙa ya ga abin da kake da shi. Babba kamarka rufewa ta kamace shi, ta laka, a shafe ta sumul, a liƙe bakin. Ko ƙuda ba zai san abin da ke ciki ba."

Maganar nan ta shiga kan Kurege. Ya kwaɓa laka, ya tashi rufewa ƙatuwa, ya shafe ta ciki da waje, ya ɗora mata jinka. Gaskiya ta yi kyau, ban hana ta ba. Rumbun innarsa kuwa ya ture shi gefe, kaji suka mayar da shi wurin kwana.

Ana cikin haka, wata rana Bushiya ta bi ta ƙarƙashin rumfar za ta rijiya. Sai masara guda ta gangaro ta faɗo a bayanta, ta maƙale a ƙayoyinta. Tsohuwa ba ta ma ji ba, ta ci gaba da tafiyarta da tulunta.

Zabuwa ta ruga a guje wurin Kurege. "Kana nan zaune, ga Gwaggonka can ta goya masararka!"

Kurege ya bi Bushiya da gudu, ya sha gabanta a bakin rijiya, gaban jama'a.

"Gwaggo, da girmanki? Na hana ki, shi ne kika ɗauka?"

Bushiya ta waiga ta ga abin da ke bayanta. Ta ce, "Wallahi ban san da ita ba. Amma tunda ta biyo ni da kanta, ka bar mini ita mana, ɗana. Guda ɗaya ce."

"Ko rabi."

Ya kama masarar ya fizge, har ƙayoyinta biyu suka karye. Yara, wannan wuri ne ya fi ba ni takaici a duk labarin. Matar da ta goya shi yana jariri, ita ya tozarta a kan masara guda. Bushiya ta ɗebi ruwanta ta koma gida tana share hawaye.

Tun daga ranar hankalin Kurege ya ƙi kwanciya. Duk wanda ya kalli rumfar, sai ya ga kamar ɓarawo ne. Ya ce shanyar nan ta isa haka, ya fara jidar masara yana zubawa a rufewa.

Bushiya, duk da abin da ya yi mata, ta leƙo ta kan danga ta ce, "Ka gwada ta da haƙori tukuna?"

Kurege ya san wannan gwaji sarai, innarsa ta koya masa. A ciji ƙwaya: in ta fashe ƙas, ta bushe, in haƙori ya nutse, da saura. Ya ɓare ƙwaya ɗaya ya ciza. Haƙori ya nutse. Ya haɗiye.

Ya ce, "Ta bushe ƙayau."

Ya zuba ta duka, har da wadda ya kamata ya ware don iri, har da gudar da ya fizge a bayan Gwaggo. Ko ɗaya bai rataye a murhunsa ba, kada baƙo ya shigo ya gani ya roƙa. Ya liƙe bakin rufewar da laka.

Rani ya zo ya wuce, Kurege na ta lallaɓawa da 'yar gyaɗa da rogo. Bai yarda ya buɗe rufewa ba, wai kada ƙamshi ya tara masa jama'a. Kullum sai ya zagaya ta yana shafawa yana murmushi.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, kowa ya shiga gyaran gona. Kurege ya hau rufewa ya fasa lakar bakin. Wani zafi da wari suka buge shi har ya kusa faɗowa. Ya zura hannu ya ɗauko masara, ta dagargaje a hannunsa, baƙa ƙirin, duk ta yi fumfuna. Laimar da ke jikinta ta rasa ta inda za ta fita, ta dafa ta a ciki.

Ya shiga ciki yana tono kamar mahaukaci, har ya kai ƙasa. Ko ƙwaya ɗaya mai rai bai samu ba.

Zabuwa ta zo ta tsaya daga nesa tana toshe hanci. Ta ce, "Ni dai cewa na yi ka gina, ban ce ka zuba ɗanya ba." Ta wuce abinta, don ta samu labarin kaiwa gaba.

Kurege ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko akwai mai sauran Jar Inna. Kowa ya ce masa babu, kuma gaskiya suka faɗa. Daga ƙarshe ƙafarsa ta kai shi gidan Bushiya. Ya same ta a madafa tana hura wuta. Ya durƙusa, kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Gwaggo, ko kin ɓoye wata? Ko ƙwaya ɗaya ce."

Bushiya ta nuna masa saman murhu. Igiyar da takan rataye iri tana nan tana lilo, ta yi baƙi da hayaƙi, babu komai a jikinta.

Ta ce, "Tun kaka na ɗaura ta, ina cewa ko za ka huce ka aiko. Da ka bar mini gudar nan ta bakin rijiya, da yau mun shuka kunya biyu, baɗi mu cika gona."

Kurege ya fashe da kuka. Ba yunwa yake wa kuka ba. Abin da innarsa ta yi shekaru tana riƙo, kakarsa ma ta riƙa kafin ita, shi ne ya ƙare a hannunsa. Bushiya ita ma ta yi hawaye, don ƙawarta ta tuna. Ta tashi ta ɗebo masa farar masarar da ta samo a wani ƙauye, ta ce ya je ya shuka kada ruwa ya wuce shi.

Ya shuka, ta kuma yi. Ya tayar da rumbun innarsa ya gyara zanar, kuma duk kaka yakan bi maƙwabta da ɗaurin iri, gidan Gwaggo ne farko. Sai dai har ya tsufa, in ya karya masara, zama yake ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, ko Allah zai sa ya ga ƙwaya ja. Bai taɓa gani ba.

Darasin wannan labari shi ne, abin da ka ba maƙwabcinka ajiya ce ka yi wa kanka. Rowa ce ta sa Kurege gaggawa, har ya ƙaryata abin da haƙorinsa ya gaya masa. Ya tuba, Gwaggo ta yafe masa, amma tuban bai dawo da Jar Inna ba.