Ranar da Siebe Ya Ja Labule da Rana Tsaka

Akwai wani dattijo mai suna Siebe a wani ƙaramin ƙauye na arewacin Holan. Ba mugu ba ne, amma akwai baki, ga taurin kai kamar me. Babban abin alfaharinsa shi ne ƙatuwar tagar falonsa mai kallon titi, wadda tun da ya yi aure ba a taɓa rataya mata ko ƙyalle ba.

"Ni ba ni da abin ɓoyewa," in ji shi kullum. "Mai son kallo ya kalla."

Da zancen ya tsaya kan tagarsa da sauƙi. Amma ranar da Tineke, matar maƙwabcinsa Romke, ta sa labule a tasu tagar, sai Siebe ya tare Romke a shagon burodi, a gaban jama'a.

"Romke, wai me kuke dafawa a ciki da ba kwa son a gani?"

Kowa ya yi dariya ban da Romke. Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu, sai ɗaga kai daga nesa, shi ma in an ga dama.

Ana nan sai Aukje, matar Siebe, ta zame da keke a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki, likita ya hana ta hawa bene, ya ce sai dai a kafa mata gado a falo. Falon kuwa ba inda gado zai shiga sai gaban tagar nan.

"Saurara da kyau, tsoho," Aukje ta ce masa a gadon asibiti. "Ba zan kwanta ana juya ni ana goge min jiki, duk mai wucewa a keke yana leƙe ba. Ko in tarar da labule in an sallame ni ranar Juma'a, ko in wuce gidan Femke."

Femke 'yarsu ce, tana birni mai nisa, kuma ta daɗe tana matsa musu su sayar da gidan. Siebe ya san in Aukje ta tafi can, dawowarta sai wani ikon Allah.

Washegari ya ɓoye kunyarsa ya tafi kantin kayan gini. Ya sayo ƙarfen labule irin wanda ake ja ya ƙara tsawo daidai faɗin taga, da labule mai kauri. Yarinyar kantin ta ce, "Baba, wannan fa aikin mutum biyu ne. Kuma kar ka manta da maƙalin tsakiya mai tallafe ƙarfen."

"Kafin a haife ki nake gyaran gidana," ya ce, ya saɓa kayansa.

Safiyar Juma'a ya hau tsani. Ashe saman tagar kankare ne. Tsohon injin hudarsa ya yi ta kuka yana zafi, ramin ya ƙi zurfi. In ya riƙe wannan gefen na ƙarfen wancan ya sulale, in ya koma can wannan ya sauko masa a ka. Ta tagar yana hango garejin Romke a buɗe, ya kuma san akwai inji mai cin kankare a ciki. Ya kau da kai.

Da ƙyar ya cusa ƙusoshin a ɗan ramin da ya samu. Maƙalin tsakiya kuwa ya jefa shi cikin aljihu, wai ƙarin wahala ne kawai. Ya rataya labulen, ya ja shi ya rufe tagar ruf don ya ga ko ya kai, sannan ya zauna yana haki.

Abin da bai zo masa a rai ba, tunda shi bai taɓa mallakar labule ba, shi ne a ƙauyen nan ba a rufe labule da rana tsaka sai an yi rasuwa a gida. Ga shi kowa ya san Aukje na asibiti.

Bai gama hucewa ba ya ji ƙwanƙwasa. Yana buɗewa sai ga Romke cikin baƙar kwat, hula a hannu, idanu jajur. Tineke na bayansa rungume da tukunyar miya.

"Mun ga labule," Romke ya ce. "Siebe, sannu. Duk abin da ke tsakaninmu, ba za mu bar ka kai kaɗai yau ba."

Siebe ya dubi baƙar kwat ɗin, ya waiga ya dubi labulen, sai a lokacin ya gane ɓarnar da ya yi.

"Kai! Aukje na nan da ranta! Yau ma za ta dawo!"

Tineke ta zube a dokin ƙofa, ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah na gode maka! Kai Siebe, Allah ya shirye ka, ka kusa kashe ni! Rabin layin nan kuka ake yi!"

Ba ta rufe baki ba suka ji rugum daga falo. Ƙarfen ya rabu biyu daga tsakiya, ya zubo da labulen da ɓarɓashin bango, tagar ta koma tsirara yadda take.

Siebe ya tsaya a kan tarkacen. Ya ce a hankali, "Femke ta ɗauko Aukje, suna hanya. In ta ga tagar nan haka, ba za ta sauko daga mota ba, Romke. Ni kuma ban iya zaman gidan nan ba tare da ita ba."

Romke ya rataye baƙar kwat ɗin a jikin ƙofa.

"To maƙwabci, me kake dafawa a ciki da ba ka son a gani?"

"Na cancanci wannan," Siebe ya ce, kansa a ƙasa. "Ka yi haƙuri."

"Riƙe tsanin, sarkin surutu. Ina zuwa."

Ya dawo da injinsa. Kankaren da ya wahalar da Siebe tun safe ya huje nan da nan. Suka cusa robobin riƙe ƙusa a ramukan, Siebe ya riƙe gefe ɗaya, Romke ya ɗaure ɗayan.

"Ina maƙalin tsakiya?"

Siebe ya zaro shi daga aljihu ya miƙa wa Romke. Ita kuwa Tineke ta bi gida gida tana shelar cewa ba wanda ya mutu, har ta tsayar da wata da ta hau keke za ta sayo furanni.

Suna share ƙurar ƙarshe motar Femke ta tsaya, jakar Aukje na bayan mota ba a sauke ba. Aka turo Aukje a keken marasa lafiya. Ta kama gefen labulen ta ja shi, ya tafi sumul. Ta sake fizgarsa da ƙarfi, ko motsi ƙarfen bai yi ba.

"Femke," ta ce, "shigo da jakata."

Siebe ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya juya yana goge ido wai ƙura ce. Ya kawo kofi, ya ajiye gwangwanin biskit a buɗe gaban Romke, shi da bai taɓa ba baƙo fiye da guda ɗaya ba.

Da Tineke ta ba Aukje labarin makokinta, ta yi dariya har ɗinkin ya fara ciwo. Ta karɓi kwanon miyar da aka dafa don ta'aziyyarta, ta dubi mijinta.

"Buɗe labulen, tsoho. Bari su ga gawar tana shan miya."

Darasi: Girman kai ba ya gyara komai, sai dai ya raba ka da masu taimakonka. Wanda ka kunyata a gaban jama'a, wataƙila shi zai fara zuwa ƙofarka ranar da ya zaci kana cikin kuka. Kada ka jira sai ranar makoki kafin ka ce wa maƙwabcinka ya yi haƙuri. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san ya daina gaisawa da na kusa da shi.