Buzuzu a Gidan Zuma

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

Kunkuru ke da amya a bayan gida. Da ɗorawa ta yi fure, maƙwabcinsa Buzuzu ya leƙa ciki, ya ga mazan ƙudan zuma kwance, mata na ɗura musu zuma a baki.

Ya ce, "Kai! Gidan nan da ni ya dace."

Kunkuru ya ce, "Shiga abinka. Amma ran da matan suka fara dawowa ciki wayam, suna faɗa a bakin ƙofa, fure ya ƙare. Ka fito."

Buzuzu ya shige, ya ci har wuyansa ya ɓace. Ran nan mata suka dawo wayam, fuska a murtuke. Ya ce, "Gajiya ce. Bari in ƙara loma ɗaya."

Bai haɗiye ba ya ga ana jan maza ta ƙafa ana wurgarwa waje. Aka zo kansa.

"Haba, Yaya, ni fa baƙo ne!"

"Waɗanda muke uwa ɗaya ma mun jefar, balle kai?"

Suka yi masa rubdugu da harbi, ya faɗo tim gaban Kunkuru, a kumbure.

Kunkuru ya ce, "Madalla, maƙwabci! Dama faɗowarka nake jira, in san lokacin ɗiban zuma ya yi."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, mai sauran loma ya lashe hannu!