Dutsen Sassauta

Tun ba a sari itacen farko a inda garin Sassauta yake yau ba, wurin ƙungurmin daji ne da tsaunuka suka yi wa ƙawanya, giwaye ke fitar da hanya sannan mutum ya bi. A wancan zamani aka yi wani maharbi, Ranau, Sarkin Bakan wasu mutane da fari ya koro daga arewa. Kirarinsa shi ne: Ranau mai ido a ƙeya, kututturen da ya hana giwa wucewa. Rabin farko na kirarin nan zambo ne aka lulluɓe da yabo, domin Ranau bai taɓa yarda wani mahaluki ya yi tafiya a bayansa ba. Ko matarsa ta raka shi gona, sai ta shiga gaba.

Yana da dalili. Wansa Cindo ya mutu ne a hanyar farauta, da kibiya mai dafi a gadon bayansa. Wanda ke biye da shi ran nan amininsu ne, Korau. Korau ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, ya ce kibiyar tana kan tsarkiya ne saboda tsoron zaki, saiwa ta harɗe shi, ya faɗa kan Cindo. Ranau ya ce ƙarya ne, hauren giwar da suka samu tare yake so ya cinye shi kaɗai. Bai huta ba sai da ya sa aka kori Korau daga cikin jama'a, ba goran ruwa, ba takalmi.

Da mutanen suka iso gindin tsaunukan nan, sai suka tarar ruwa ɗaya ne a yankin, wani idon ruwa can bayan kwazazzabo, kuma yana da mai shi. Wani tsohon ɓauna ne, wanda aka ce ciyawa ta tsiro a doronsa, zuma kuma ta yi saƙa a tsakanin ƙahoninsa. Kibiyoyin Ranau sun sha faɗowa daga jikinsa kamar tsinken tsintsiya. Mata suna tonon yashi a busasshen rafi suna tace laka, awaki suna mutuwa, dattawa har sun fara maganar a kwashe kaya a ƙara gaba, alhali tsofaffi da jarirai ba za su kai ko'ina ba.

Ana cikin haka wani baƙo ya sauka, mutumin kudu daga bakin babban kogi, sunansa Tsado. Ya zo da wani baka da ba su taɓa ganin irinsa ba: gajere, mai kauri, an gicciye shi a kan ƙota kamar ta gatari. Akan taka shi da ƙafa a ja tsarkiyar har ta maƙale a wata tsaga, ta tsaya nan da kanta, ba hannu a kai. A ƙarƙashin ƙotar akwai ɗan itace, da an matsa shi ta saki. Tsado ya harbi ƙyauren katako a gaban dattawa, guntuwar kibiyarsa ta fita ta ɗaya gefen. Jama'a suka yi guɗa. Ranau kuwa bai taya su murna ba. Ya ce a ransa, bakan da muka sani, kafin mutum ya harbe ka sai ka ga ya ja, kafaɗarsa ta tona masa asiri. Wannan kuwa nufin mai shi yana iya kwanciya a cikinsa tun safe, shi yana yi maka murmushi.

Amma ba yadda ya iya. Tsado ke da makami, Ranau ke da sanin hanya. Dattawa suka haɗa su tafiya su kashe ɓaunan.

Da gari ya waye suka tsaya a bakin zango. Ranau ya zuba ido yana kallon shirin baƙon, yana neman inda makirci yake. Tsado ya bar tsarkiyar a sake, bai ɗana ba. Ya rataya bakan a kafaɗa, bakinsa yana duban ƙasa. Ya zuba kibiyoyin a kwari ya rufe. Dafin ma bai shafa musu ba, yana cikin wani ƙahon gada, an toshe shi da kaki, ya ɗaure a ɗamara.

“Baƙo, haka ake shiga daji a garinku? Kamar mai zuwa gaisuwar surukai?”

“Sarkin Baka, wannan bakan bai san aboki ba,” in ji Tsado. “In an ɗana shi, ƙaya ma tana iya harba shi. Ba na ɗanawa sai na zauna a wurin kwanto.”

Amsa ce mai kyau, kuma kyanta ne ya ƙara tayar wa Ranau da hankali. Ya ce masa ya shiga gaba. Tsado ya ce ai bai san hanya ba. Ranau ya ce bakinsa ya sani. Haka suka kama tafiya, abin dariya in da akwai mai kallo: jagora a baya yana kiran dama da hagu, baƙo a gaba yana shan ƙaya.

Da hantsi ya dubi ludayi Tsado ya gaji da jin idanu a ƙeyarsa. Ya tsaya, ya cire kwarin ya miƙa.

“Riƙe wannan. Baka a wurina, kibiya a wurinka. Ko hankalinka ya kwanta.”

Ranau ya karɓa, hankalin bai kwanta ba. Ya ce a zuci, mutum ba ya sakin kwarinsa haka da sauƙi sai in ya ɓoye wata a wando. Ya riƙa duban ƙugun Tsado, da ƙahon nan mai lilo a ɗamara. Wa ya sani ko dafin ɓauna ne, ko na goran ruwan Sarkin Baka? Ƙishi ya dame shi, ya ƙi sha, don goran ya kwana kusa da kayan baƙon.

Suka iso kwazazzabo. A nan akwai wani falalen dutse da ba ya hawuwa sai da hannu biyu, daga samansa ake hango idon ruwa. Tsado ya sauke bakan ya miƙa wa Ranau ta wajen ƙota, ya ce in ya hau sai ya miƙo masa. Ya kama dutse ya haye, ya ɓace a bayan wata duhuwa.

Yanzu baka da kibiya duk suna hannun Ranau. Da wani mutum ne, da nan zarginsa ya ƙare. Shi kuwa sai ya ji shiru ya yi yawa a sama. Can ya ji an yi fito siriri. Tsuntsu ne, amma kunnen Ranau ya ce alama ce, mutanen kudu suna kwance a duhuwa suna jiran a kawo musu Sarkin Baka su gaje ruwan. Ya taka bakan kamar yadda ya ga an yi, ya ja tsarkiya har ta maƙale, ya ɗora kibiya.

“Miƙo, Sarkin Baka,” Tsado ya ce ƙasa-ƙasa daga sama.

“Bar shi. Zan hawo da shi.”

Tsado bai leƙo ba. Ya juya baya yana watsa ƙura a iska don ya ga inda take kaɗawa. Ranau ya kama hawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da abin da bai san halinsa ba. Kansa na fitowa saman dutsen, tsakuwa ta zame a ƙarƙashin ƙafarsa. Ƙirjinsa ya danne ƙota a jikin dutse. Bai ji ya harba ba, ƙara kawai ya ji, sai ga Tsado a ƙasa, kibiya ta nutse masa a bayan cinya.

Babu kowa a duhuwa. Ranau ya durƙusa, bakinsa na zuba magana ba da izninsa ba: “Na rantse ban yi nufi ba, ƙafata ce ta zame, faɗuwa na yi.” Bai kai ƙarshe ba ya yi tsit. Ya san kalmomin nan. Ya taɓa jin su, ɗaya bayan ɗaya, a bakin Korau, ya kuma tofa musu yawu. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, har ya manta da mai jini a gabansa.

“Na sani,” in ji Tsado yana cije baki. “Mai nufi ba ya harbin cinya. Zare ta ka ɗaure mini. Ba za ta kashe ni ba, dafin yana nan cikin ƙaho.”

Ƙahon nan da Ranau ya yini yana harara, shi ya hana shi zama mai kisan kai. Ya yage rigarsa ya ɗaure raunin. Tsado ya jingina da dutse, ya ce a ɗana masa bakan, ya fasa kakin, ya shafa dafin da hannunsa. Sai dai daga nan ba a ganin ɓaunan, yana cikin sarƙaƙiya, dole wani ya sauka ya jawo shi fili, ya kuma tsaya tsakaninsa da mai harbi.

Ranau ya sauka. Ya ba mutumin da ya harba ɗazu baya, ga ɗanannen baka, ga dafi, bai waiwaya ba. Ya yi wa ɓaunan ihu. Dabbar ta fito, ƙasa na girgiza, zuma na tashi a kanta kamar hayaƙi. Ranau ya tsaya har ya ji hucinta, sannan kibiya ta wuce ta gefen kunnensa ta shige maƙogwaron ɓaunan. Ɓaunan ya durƙushe a bakin ruwan da ya hana kowa.

Ranau ya goyo Tsado har zango. Mutane suka koma bakin idon ruwa suka kafa gari. Tsado ya zauna cikinsu, ya yi aure, ya yi ɗingishi har ƙarshen ransa, ana masa kirari da Gurgu mai shayar da gari. Tun daga ranar aka kafa doka a dutsen nan: duk maharbin da zai wuce sai ya tsaya ya sassauta tsarkiya, ya mai da kibiya kwari, ya duƙar da bakin makami ƙasa. Daga nan dutsen ya sami suna, garin ma ya ara. Masu bindiga na yau ma sukan tsaya su sauke kunama.

Shi kuwa Ranau, da damina ta wuce, ya ɗauki gora da takalmi sabbi ya nufi arewa neman Korau. Ya tambayi makiyaya, ya tambayi fatake, ya dawo da takalman a hannu. Ya share fili a jikin gidansa, ya ce na Korau ne, kada kowa ya gina. Kowane rani sai ya sake fita, har ƙafa ta gaza.

Garin Sassauta ya cika ya batse, gida ya hau kan gida. Amma a tsakiyar unguwar maharba akwai fili ɗaya da ba a taɓa aza tubali a kansa ba. Jikokin Ranau ne ke share shi, kuma har yau mai filin bai zo ba.