Hular Hawainiya

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun yi shiru? To, bari in amsa muku: ta zo mu ji ta.

A wani gari, sunansa ya shige mini, na dai taɓa yada zango a can, an yi wani mai ɗinkin hula, ana ce masa Ɗantani. Masu hular garin rumfa ɗaya suke zama, zane ɗaya suke yi, wanda ake yayi. Shi kuwa abin da idonsa ya gani yake ɗinkawa: sawun kaza a rairayi, inuwar tsamiya da la'asar.

Sai Sarkin Ɗinki ya kira shi, ya ce, "Ɗantani, kana zubar mana da mutunci. Baƙo ya ga hularka ya ce ba mu iya miƙe zare ba. Na ba ka kasuwa uku. Ko ka kawo irin tamu, ko gurbinka ya zama na wani."

Sai Ɗantani ya naɗe tabarmarsa, ya koma gindin wani marke a bayan gari. Ba abokin hira, ba mai ɓara masa goro. Ya yi atishawa, ba mai yi masa addu'a.

Sai ga Hawainiya, tana taku ɗaiɗai.

"Sannu da aiki, Malam. Ina kaɗaici?"

"Da godiya."

"Dube ni. In na hau ganye in zama koriya, in na sauka ƙasa in zama ja. Ba wanda ya taɓa korata. Yi musu abin da suke so mana!"

Ya ce, "Na ji." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Kasuwar farko ta ci, ta watse.

Iska ta riƙa kawo masa dariyar 'yan rumfa. Sai kewa ta kama shi, ya fara zanen da ake yayi. Kwana uku yana yi. Ya ɗaga ya duba, sai ya ga kamar hannun wani ne ya yi. Ya zauna yana warwarewa. Hawainiya ta iske shi, ta ce, "Kai dai akwai taurin kai! Hula ai kai take rufewa, ina ruwanta da zuciya?" Kasuwa ta biyu ta wuce.

Ana gobe ta uku sai ta dawo. "Malam, gobe ce fa."

Ya ce, "Baiwar Allah, in tambaye ki. In ba ganye, ba ƙasa, ke wane launi ce?"

Ta juya ido ɗaya gabas, ɗaya yamma. Can ta ce, "Na manta." Sai hawaye.

Ya ce, "Ni na sani. Rannan da hantsi kin yi gyangyaɗi a wannan reshen, kin mance da kowa. Na gan ki."

Sai ya zaro zare mai launin da ya gani a jikinta rannan. Ko ruwan toka ne, ko ruwan zuma, nan ne abin ya kuɓuce mini. Ya duƙufa. Gari ya waye, kasuwa ta cika, yana jin amonta daga nesa, bai tashi ba. Kafin la'asar wani ya shimfiɗa tabarma a gurbinsa.

Da hular ta ƙare, ba wanda ya zo tayawa. Ya ajiye ta a gefensa. Hawainiya ta hau, ta zauna, tana jira fatarta ta sake launi. Ba ta sake ba.

Ta ce, "Malam, ashe haka hutu yake?"

To, yarana, mai bin idonsa yakan rasa rumfa, ya ci tuwonsa shi kaɗai. Amma mai bin idon kowa, wata rana sai ya nemi wanda zai gaya masa kamanninsa.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Abin da na yar a hanya, ku tsinta.