Zalɓen da Ya Koma Ƙararrawa

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Tagulla. Tun yana saurayi yake aiki a maƙerar zubin tagulla, har gemunsa ya yi fari, yatsunsa duk tabon ƙuna.

Aikinsa shi ne zuba wa mutane kayansu. A ƙera abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fice, sannan a tsiyaya narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Zubin nan kuwa ba ya jiran kowa. In tagulla ta gaza a tsakiya, aikin ya tashi a banza, don kakin ya riga ya tafi.

In ya sami sarari yakan ƙera nasa na kansa, yawanci tsuntsaye da kifaye, ya jera a kan kanta. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ke ƙona wa 'yarsa Auta rai. Duk ranar da ya leƙa tukunya ya ga tagullar wani ba za ta kai ba, sai ya miƙa hannu kan kanta, ya ɗauko nasa ya jefa a ciki. Daga baya ya zauna da fenti ya zana abin da ya narkar, wai don kada ya manta kamanninsa.

"Baba, kai dai ba ka iya ajiya ba," in ji Auta.

"To in tsaya ina kallo aikin bawan Allah ya lalace, ga tagulla zaune a kan kanta tana kallona?"

A haka tsufa ya cim masa. Hannunsa ya fara rawa, ya daina iya riƙe tukunyar zubi. Auta ta san ba zai sake ƙera komai ba, don haka ta yi ta kai-kawo har ta samo masa zaure, ya baje kolin aikinsa ko da sau ɗaya a rayuwarsa. Shi kuwa Baba, sai aka ga ya kai babbar rigarsa wajen mai guga.

Da manajan zauren ya zo duba kayan, sai ya tarar da zane-zane jingim, kanta kuwa daga wani kifi mai karyayyar jela sai ƙura.

"Malama, baje kolin tagulla muka sanar," ya ce wa Auta. "Tebura zan nuna wa jama'a? In ba kaya, gara a fasa."

Baba ya sunkuyar da kai. Auta ba ta taɓa ganin mahaifinta ya ji kunya irin ta ranar ba, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta fita sanar da waɗanda ta gayyata cewa an fasa. Ta fara da shugabar wata makarantar firamare, ta zazzage mata duk abin da ke ranta.

"Har zalɓen nan da ya fi so, Hajiya, ya narkar da shi. Sai zanensa kawai."

Matar ta yi dariya. "Zalɓe? 'Yar nan, ai zalɓen yana rataye a bishiyar makarantarmu. Ranar da ake zuba mana ƙararrawa tagulla ta gaza, a gabana ya jefa shi. Ya ce in riƙa gaishe masa da shi." Ta ɗauki wayarta don ta kira sauran waɗanda Baba ya yi wa zubi. "Kar ki fasa komai. Ba ni kaɗai ya yi wa haka ba."

Auta ta koma ta roƙi manajan ya dakata da fasawa. Ranar buɗewa, ta rataye zane-zanen, ƙarƙashin kowanne akwai tebur ba komai a kai. Can sai ga ƙararrawa an shigo da ita a baro. Wani mai sassaƙa ya iso rungume da kan rago na tagulla, ya ce akwai mujiyar Baba a ciki. Wata tsohuwa ta kawo turmin daka magani. Wani ma mariƙin ƙofar gidansa ya kwance ya taho da shi. Kowa ya nemi zanen abin da aka narkar dominsa, ya ajiye kayansa a ƙarƙashi. Manajan da kansa ya yi ta jawo ƙarin tebura yana gumi.

Baba ya shigo cikin gogaggiyar rigarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Da ya iso gaban zanen zalɓe sai ya tsaya. Ya ɗauki ƙarfe da hannunsa mai rawa, ya buga ƙararrawar. Zauren ya yi tsit har amon ya ƙare.

Ya juyo wajen Auta, idonsa cike da ƙwalla.

"Kin ji shi ko? Duk zamansa a kan kantata bai taɓa yin kuka ba."

Darasi: Abin da ka sadaukar don aikin wani ya tsaya da ƙafarsa bai ɓata ba, yana can yana amfani a hannun mutane, kuma ranar da ka rasa abin nunawa su ne za su nuna maka. Ku tura wa wanda kuka san yana taimako a ɓoye, ya san ana gani.