Notin Giwa a Ƙarƙashin Sit

Akwai wani mai haya da babur da duk unguwa ta manta sunansa na yanka. Shaho kawai ake ce masa, saboda babur ɗinsa ja ne, irin mai tambarin shaho a jikin tanki, tsuntsu ya ware fukafukai kamar zai sauko kan 'yan tsaki.

Ku ji fa, abin bai tsaya a babur ba. Hular kwanonsa shaho. Jaket ɗinsa ja, shaho a baya. Maƙalin makulli, kofin shayi, marfin waya, har labulen ƙofar ɗaki. Ranar da matarsa ta haihu, kafin ya tambayi jikinta ya aiko da 'yar rigar jariri mai shaho a ƙirji.

Matar ta ce, "Ni kaɗai na rage a gidan nan ba ka manna min sitika ba."

Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, an ce sababbi na hanya."

Suna da ƙungiya, su masu irin wannan babur. In suka haɗu a titi sai hon biyu gajeru, a ɗaga yatsu biyu. Suna da doka kuma: ɗan Shaho ba ya barin ɗan Shaho a gefen hanya. Doka ce mai kyau, ban ƙi ba. Sai dai ta tsaya a kan mai jar riga. In wani ne daban tayarsa ta fashe, ko da tsohuwa ya goyo, wucewa suke yi kamar ba su gani ba.

Shaho yana da yaya, bakanike ne. Garejinsa rumfar kwano ce a bakin titi, da benci ɗaya mai ƙafa uku da bulo, da gwangwanaye cike da noti da ƙusa. Yayan ne ya koya masa tuƙi tun ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Shi Yayan kuwa har yau tsohon babur ɗin mahaifinsu yake hawa, mai tambarin giwa, mai nauyi, mai ƙara gwaf-gwaf kamar ana daka.

Wata rana ƙarfen da ke riƙe sit ɗin babur ɗin Shaho ya tsage, notikan wurin kuma kullum sai sun kwance. Ya kai wa Yaya. Yaya ya yi masa walda, ya ɗaure da noti huɗu daga gwangwaninsa. Tun daga nan sit bai ƙara motsi ba.

To, Shaho sau biyu yake wanke babur a rana. Yana cikin goge ƙarƙashin sit sai idonsa ya kai kan notikan. A kan kowanne akwai ɗan hatimin giwa, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ko soso bai ajiye ba ya nufi gareji.

"Yaya, me ka sa min a babur?"

Yaya bai ɗago daga tayar da yake faci ba. "Noti."

"Notin Giwa! A jikin Shaho! So kake 'yan ƙungiya su gani su mai da ni abin dariya?"

"'Yan ƙungiyar taku a ƙarƙashin sit suke kwana? Kai, ƙanena, naku kwancewa suke, waɗannan kuwa in sun kama sun kama."

"Cire min."

Yaya ya ɗauki sifana ya cire uku, ya mayar da na kamfanin Shaho. Na huɗun ya ƙi, zafin walda ya haɗe shi da ƙarfen. Ya ce, "Wannan in na matsa masa ƙarfen zai sake tsagewa. Ka bar shi."

Shaho ya hau babur, ya dubi yayansa a gaban mutanen da ke zaune a benci, ya ce, "Daga yau hannunka ba zai ƙara taɓa min babur ba. Ka tsaya a kan akwalar Baba, ita ce daidai kai."

 Yaya ya zuba notikan nan uku a aljihu, ya koma kan facinsa.

Wata biyar Shaho bai taka garejin ba. In sun haɗu a gidan mahaifiyarsu, gaisuwa a tsaye, kowa ya kama gabansa. Tsohuwa ta yi magana har ta gaji.

Ran nan da hantsi, Shaho ya sauke fasinja a bakin gada, sai ya hango mutum tsaye kusa da babur ja mai sheƙi. Jaket ja, hular kwano mai shaho, har safar hannu mai shaho. Mutumin ya ɗaga yatsu biyu. Shaho ya danna hon biyu, ya taka birki.

"Ɗan'uwa, Allah ya kawo ka," in ji mutumin. "Mai ne ya yanke min. Ga gidan mai can bayan kwana. Ara min naka in sayo a jarka, minti biyar. Ga nawa, ga makulli."

Shaho ya ce, "Hau in kai ka mana."

"Wa zai tsare min wannan? Shekaranjiya na fito da shi daga kwali."

Shi kuwa gogan naku, hankalinsa ba ya kan maganar. Idonsa na kan jaket ɗin mutumin, sabon yayi ne mai zif ruwan zinariya, bai taɓa ganin irinsa ba.

"Ina ka samo wannan?"

"In na dawo zan ba ka lambar mai kawowa. Saura biyu ma a hannunsa."

Sai Shaho ya miƙa masa makullinsa. Bai tambayi sunansa ba. Bai tambayi unguwarsu ba. Ko fuskarsa bai gani sosai ba, gilashin hular kwano a sauke yake. Riga ya gani, ya ba riga babur.

Minti biyar suka wuce. Shaho ya zagaya babur ɗin mutumin yana shafa tanki. Minti goma sha biyar. Ya leƙa kwana, ya dawo. Ya zauna, ya miƙe. Ya duba waya, ya mayar aljihu, ya sake fito da ita. Rabin awa.

Sai ya ce bari ya gwada makullin. Makulli ya ƙi shiga. Ya taka kiki, kiki ya faɗa ƙasa luƙus, babu abin da ya riƙe shi. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa inji, ya ji ƙara kamar gwangwanin da ba kowa ciki. Ya buɗe tanki, tsatsa ce har da huji. Gawar babur ce aka yi wa fenti aka lulluɓe da sitika.

Da gudu ya kai gidan mai. Mai ba da mai ya ce, "Mai jar riga? Malam, tun safe masu jar riga sun fi ashirin. Kai ma ga ka da ita."

Ya kai rahoto inda ake kaiwa, aka rubuta. Ya sa a guruf ɗin ƙungiya. Saƙonni suka yi ta shigowa: Allah ya mayar da alheri, Allah ya tona asirinsa. Mutum huɗu, Allah ya saka musu, sun zaga gari da yamma, washegari kowa ya koma neman abincin 'ya'yansa. Shugaban ƙungiya ya kira shi gefe ya ce kada a yayata, sunan Shaho zai ɓaci. Wani kuma ya rubuto, "Sannu ɗan'uwa. Wai jaket ɗin nasa mai zif ɗin zinariya ne? Bai faɗi inda ake samu ba?"

Kwana uku Shaho ya kasa zama wuri ɗaya, kamar kazar da ƙwai ya matsa. Ya shiga ɗaki, ya fito tsakar gida, ya leƙa waje. Duk ƙarar babur da ta wuce sai ya zabura zuwa ƙofa. A ajiye masa abinci, ya kai loma ɗaya ya ture. Babur ɗin nan shi ne gonarsa, shi ne shagonsa. Da shi ake cin abinci a gidan, da shi ake sayen maganin jaririya. Ga kofi mai shaho, ga labule mai shaho, babu wanda zai ɗauki fasinja a cikinsu.

Mahaifiyarsu ta zo ta same shi yana safa da marwa a tsakar gida. Ta ce, "Zauna, kana sa ni jiri. Ka je wurin yayanka."

"Umma, da wane ido?"

"Da idon da ka zage shi. Ai ba a canza maka ba."

Bai je ba. Kunya ta riƙe masa ƙafa.

Rana ta huɗu da safe sai ga ƙara a ƙofar gida, gwaf-gwaf-gwaf. Yaya ne a kan Giwa, ko kashe inji bai yi ba.

"Hau."

Ashe tun ranar da abin ya faru Yaya bai huta ba. Ya bi kanikawa da masu walda da masu faci ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya sani a cikin shekara ashirin na aiki. Har wani mai fenti ya gaya masa an kawo masa babur ja an ce ya mai da shi baƙi da gaggawa, kuma ya ji ana maganar kasuwar tsofaffin babura.

Shaho ya tsaya da jar jaket ɗinsa yana duban Giwa, yana duban titi ko wani ɗan ƙungiya zai gan shi.

Matarsa ta leƙo daga bayan labule. "Hau mana! Ko giwar ce za ta take ka?"

Ya hau.

Kasuwar fili ce babba, babura jere layi-layi sun fi ɗari biyu, rana na dukan madubai. Shaho ya shiga da sauri, ya bi layin farko, ya dawo ta na biyu, ya sake komawa. Idonsa na neman ja, na neman fukafukai. Sau uku ya zaga, gumi ya jiƙa masa jaket.

"Yaya, ba ya nan. Mu tafi wata kasuwar."

"Tsaya tukuna."

Yaya ya je wurin baƙaƙen babura, ya ce wa dillali yana so ya ji inji. Aka tayar da na farko, ya girgiza kai. Na biyu, na uku. Da aka buga na huɗu sai ya karkata kai gefe, ya rufe ido, ya ce a ƙara wuta kaɗan.

"Wannan ne."

Shaho ya dubi babur ɗin. Baƙi wuluk, ba tambari, ba sitika, an canza madubi, an canza rigar sit. Sau uku ya wuce ta gabansa.

"Yaya, wannan ba nawa ba ne."

"Kai rigarsa ka sani. Ni tarinsa na sani. Shekara uku ina jin wannan 'yar shaƙewar in an ƙara masa wuta."

Dillali ya tayar da jijiyar wuya, ya ce shi saye ya yi da kuɗinsa. Aka duba lambar inji, an kankare ta tas. Mutane suka taru, aka kira shugaban kasuwa, dattijo mai sanda.

Dattijon ya ce wa Shaho, "Kai ne mai shi? Mece ce shaidarka?"

Shaho ya zaro waya, ya shiga nuna hotuna. Ga tanki ja, ga shaho a gaba, ga shaho a baya, ga shi kansa ya ɗaga yatsu biyu. Wani a cikin taron ya ce, "Baba, wannan tsuntsunsa ne ya ɓata, ba babur ba." Aka fashe da dariya.

Yaya ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, kada kowa ya taɓa tukuna. A ƙarƙashin sit akwai walda a ƙarfen hagu, tsawon ɗan yatsa, aikin hannuna ne. Noti huɗu ne a wurin. Uku na kamfaninsa ne. Na huɗun, na baya ta hagu, akwai ɗan hatimin giwa a kansa, kuma ba ya kwancewa. In ba haka ba ne, ku kama ni."

Aka ɗaga sit. Dattijo ya sa tabarau, ya durƙusa, ya kankare fenti da farce. Ya ce a kawo sifana. Wani ƙato ya gwada, noti ya ƙi motsi.

Dattijon ya miƙe ya ce, "Ga giwa nan kwance."

Dillali ya yi laushi, ya faɗi wanda ya kawo masa. Magana ta koma hannun hukuma, bayan kwana biyu aka miƙa wa Shaho babur ɗinsa, baƙi, tsirara.

Da ya shigo da shi gida, matarsa ta ɗauko ledar sitikun da ya tara ta ajiye a gabansa. "Ga su, Alhajin tsuntsaye. Ta ina za a fara?"

Ya daɗe yana duban ledar. Ya ce, "Ajiye tukuna. Akwai inda zan fara zuwa."

Ya tarar da Yaya a ƙarƙashin rumfa, benci cike da mutane kamar ranar nan. Ya kashe inji, ya cire hular kwano, ya durƙusa a kan ƙasa mai baƙin mai.

"Yaya, a nan na faɗa, a gaban mutane. A nan zan janye. Ka yafe min."

"Tashi, za ka ɓata wando."

"Yaya, sit ɗin ya koma motsi. Tun watanni yake motsi, kunya ta hana ni faɗa." Ya dubi gwangwanayen noti. "Sauran ukun nan, ko suna nan?"

Yaya ya miƙa hannu saman katako, ya sauko da wani ɗan gwangwani da ba ya cikin sauran. Ya girgiza shi, abu uku suka yi ƙara a ciki.

"Ɗaga sit ɗin," ya ce. "Kuma riƙe min sifana, ba tsayuwa za ka yi kana kallona ba."

Darasi: 'Ya'yana, ku so abin hawanku, ku sa rigar da ta yi muku, ba laifi. Amma tambari ko ɓarawo yana iya saye ya manna, kuma riga ba ta san sunanka ba. Kada ka ba baƙo amana don ya yi shiga irin taka, kada ka wulaƙanta naka don kayansa ba irin naka ba ne. Ran da fenti ya goge, wanda ya san ka ciki da bai shi zai gane ka. Ku tura wa duk mai babur da kuka sani, musamman wanda ya daɗe bai gaida yayansa ba.