Goggon Keziya da Bargon Jariri

A wani ƙauye a gindin dutse, akwai wata mace gwauruwa wadda ta iya saƙar kwarashi ƙwarai. Hulunan yara, safa da rigunan sanyi, duk abin da ya fito daga hannunta ana gane shi. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'yar ƙanenta, mai suna Keziya, tun tana goye, bayan rasuwar uwar yarinyar. Ita ta yaye ta, ita ta sa ta a makaranta, ita kuma ta aurar da ita ga wani malamin makaranta mai suna Filibus, a wani gari mai nisa.

Da Keziya ta sami ciki, sai ta zo gida ganin goggonta. Ta ce mata, "Goggo, abu ɗaya nake roƙo. Ki saƙa wa ɗan nan bargo mai sauƙi, ratsin fari da ratsin shuɗi kawai. In lokaci ya yi kuma, ki kawo shi da hannunki, ki zauna tare da ni. Ina jin tsoro."

Matar ta ce, "Tsoron me, ina da rai? Ni zan yi wa jaririn wankan fari."

Sai ta sayi ulu fari da shuɗi, ta zauna a inuwar mangwaro ta fara. Takan saƙa layuka kaɗan da farin, ta ɗaura shuɗin a gefe, ta juya, ta ci gaba. Tana saƙa tana yi wa ɗan da ba a haifa ba addu'a. Bargon ya yi ta tsawo har ya rufe mata gwiwoyi, ya zama saura bakinsa kaɗai za ta gyara.

Ana nan, wata ranar kasuwa ta gamu da wata mai sayar da manja daga garin su Filibus. Mai manjan ta ce mata, "Ai uwar Filibus ta sayo wa jikanta shawul daga birni, mai furanni, da leshi a baki. Mata sai zuwa kallo suke yi."

Matar ta koma gida, ta shimfiɗa bargonta a kan gado. Abin da ya gamshe ta jiya, yau sai ta ga ya yi mata ƙaranci. Ta ce a ranta, "Ni da ƙauyen nan duka ya san ni da saƙa, in shiga gidan surukai da wannan? Za su ce iyakar abin da goggon ta iya ke nan." Sai ta zare kwarashin, ta kama bakin zaren ta ja. Aikin makonni ya warware kafin ruwan tuwo ya tafasa.

Ta soma wani sabo, ƙananan murabba'ai masu yawa, kowane da furensa a tsakiya, waɗanda za ta haɗa daga baya. Wannan kuwa yana bukatar launuka da babu su a kasuwar ƙauye, sai ta jira mai kawowa daga birni.

Tana cikin haka saƙo ya zo cewa Keziya ta haifi 'ya mace. Matar ta yi murna, ta ce wa ɗan saƙon, "Ka gaya mata ina nan tafe, saura kaɗan." Aka yi suna ba ta je ba.

Saƙo na biyu ya zo. Aka ce zazzaɓi mai zafi ya kama Keziya, an kwantar da ita a asibiti, ta kuma ce goggonta ta zo ko da babu bargo. Matar ta tashi ta ɗauko jakarta. Amma da ta dubi murabba'an nan a warwatse a kan tabarma, sai ta ce wa kanta, "Masu jego sukan yi zazzaɓi, ya wuce. Ga surukarta a kusa da ita." Ta aika da yaji da daddawa, ta durƙusa ta yi addu'a da gaske, amma ba ta tashi ta tafi ba.

Daga nan sai kunya ta ƙaru a kan kunya. Duk kwanan da ya wuce, sai ta ga lalle bargon ya ƙara kyau, domin ya zama hujjar jinkirinta. Ta ƙara masa baki, ta ƙara masa tuntaye. Damina ta wuce, aka yi girbi, sa'an nan ta gama. Bargo ne da ba a taɓa ganin irinsa a ƙauyen ba. Ta naɗe shi a sabon zane, ta hau mota.

Uwar Filibus ce ta tarye ta a ƙofar gida, riƙe da jaririyar, wadda har ta fara zama. Tsohuwa ce mai fara'a. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Sannu da hanya, Goggon Keziya. Mun gode wa Allah, ya dawo mana da ita daga bakin kabari. Duk motar da ta tsaya a ƙofar asibiti, sai ta ce in leƙa ko ke ce. Shawul ɗin da na saya ma ta hana a lulluɓe yarinyar da shi, ta ce na goggonta yana hanya. Da tsohon zanena muka fito da ita." Ba da gori ta faɗa ba, labari kawai take bayarwa.

Sai Keziya ta fito daga ɗaki, ta rame ƙwarai. Ta durƙusa ta gai da goggonta da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Matar ta kwance zanen, ta buɗe bargon. Keziya ta shafa shi, ta ce, "Ya yi kyau, Goggo. An gode." Sa'an nan ta ce, "Mai ratsin fa?"

Matar ta ce, "Na warware shi."

Matar ta miƙa hannu za ta ɗauki jaririyar, yarinyar kuwa ta kau da fuska, ta ƙanƙame kakarta tana kuka. A nan ne zuciyar matar ta karye. Ta yi kuka, ta ce, "'Yata, ki yafe mini."

Keziya ta ce, "Na yafe miki tun ina kwance, don na ɗauka mutuwa zan yi, ban kuwa so in tafi da ke a zuciya ba. Amma Goggo, na kira ki. Ban taɓa kiranki kin ƙi zuwa ba sai wannan karo."

Matar ta yi 'yan kwanaki a gidan, aka kula da ita sosai. Sai dai ta lura, duk lokacin da Keziya take bukatar wani abu, "Mama" take kira, uwar Filibus ce kuwa take amsawa. Ta koma ƙauyenta da wannan a rai.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Matar nan ba muguwa ba ce. Tana ƙaunar Keziya, ta yi aiki, ta yi addu'a. Abin da ya kā da ita shi ne ta fi damuwa da yadda za a gan ta fiye da wadda take kiranta. Bargo mai ratsi shi ne ɗan alherin da yake hannunmu a yau, wanda ya isa, wanda kuma shi aka roƙa. Mukan warware shi da kanmu sa'ad da muka ji abin da wani ya kawo.

Da yawa a cikinmu muna haka. Akwai mara lafiyan da ba ka je dubawa ba, wai sai ka sami abin riƙewa a hannu. Akwai ɗan'uwan da kika ɓata wa rai, kina jira sai kin tsara kalmomi masu daɗi. Wani kuma Ubangiji ne yake kiransa, shi kuwa yana cewa sai ya gyara halinsa tukuna, don kada ya zo a kunyace. Ubangiji bai ce ka zo da abin burgewa ba, ya ce ka zo. In ka ji kunya ta hana ka tashi, ka duba da kyau, sau da yawa girmankai ne yake fakewa a bayanta.

Ku kuma lura, an gafarta wa matar, gafarar kuwa ta gaske ce. Haka Allah yake gafarta wa duk wanda ya tuba. Amma gafara ba ta mayar mata da kwanakin asibitin ba, wata ce ta zauna a wurinta. Akwai hidimar da take da lokacinta, in ya wuce, ko ka zo da abin da ya fi kyau, sai dai a karɓa a ce maka an gode.

Saboda haka, kowa ya tuna da wanda yake jiransa. In an tashi daga sujada, kada ka bari sai gobe. Ka tafi wurinsa yau, ko da hannunka babu kome.